Kifin da Yaya Ya Kawo Dubiya

Kafin ciwon maigidana, ni da kifi babu abin da ya haɗa mu sai tukunya. Shi ne ya jajibo mana wannan jidali. Fataucin shanu suke yi zuwa Ikko shi da yayansa tun suna samari, kuma a can ne wata rana ya faɗa wani shago, ya ga kifayen teku suna yawo cikin gilashi, ya dawo Sakkwato kamar wanda aka yi wa asiri. Mutumin da ko kaza bai yarda a kiwata a gida ba, wai ya gaji da warin dabba, shi ne ya kawo akwatin gilashi da bai wuce kamu biyu ba, ya girke shi a ɗakinsa a gidanmu da ke unguwar Gidan Dahala. Ruwan gishiri, a garin da ruwan sha ma sai an yi tanadi! Ya sa sola saboda akwatin, ya sa na'urar sanyaya ɗaki saboda akwatin, ni kuwa shekara da shekaru ina kukan zafin bazara babu wanda ya ji ni. Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya, ya ce ai ni ina iya yin fifita, su ba su da hannu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaɓen kifayen. Akwatin ya daɗe babu komai a ciki sai yashi da duwatsu da murjani mai rai, wanda ni a da na ɗauka a wuyan mata kawai ake samunsa. Wata da watanni yana waya da mai shagon, yana duba hotuna, yana cewa wannan ba zai zauna da wancan ba. Na ce masa, "Alhaji, ko aurena ba ka yi irin wanga bincike ba." Ya ce ai shi ya sa yake shan wahala.

Yakan yi mini karatu ko ban tambaya ba. Wai duk kifin da zai iya shiga bakin wani, to abincinsa ne, komai daɗewar zamansu. Wai masu kama ɗaya ba sa shiri, kowa yana ganin an zo ƙwace masa gida. Mai tsoro shi ake fara sawa ya san lungunan, mai ƙarfin hali sai daga baya. Kuma ƙaramin akwati irin namu ba ya ɗaukar mafaɗaci ko guda, domin wanda aka kora ba shi da wurin gudu. Ina jinsa da kunne ɗaya ina ninke atamfofin da nake sayarwa a gida.

Bayan duk wannan dogon bincike, abin da ya zuba a ciki bai taka kara ya karya ba. Kifaye biyu masu launin lemo da farar ɗamara, mace da namiji, macen ta fi girma kuma ita ke mulki, su yake kira ango da amarya. Wani siriri mai zama a bakin rami cikin yashi, shi ne mai gadi. Sai wani jatan lande ja da fari mai dogon gashin baki, wanda kifayen kan tsaya yana tsince musu jiki, wannan kuma wanzami. Shi ke nan mutanen akwatin, kuma suna zaune lafiya.

Sai ciwon ya zo. Yana alwalar azahar ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. A asibiti ya ƙi abinci. Likitoci suka gwada shi suka ce yana iya haɗiya, maƙogwaronsa lafiya lau, shi ne dai ba ya so. Suka zura masa tiyo ta hanci har cikin ciki, ana ɗura masa kunu da sirinji. Ban taɓa ganin abin da ya tsana kamar tiyon nan ba. Yakan fizge shi da hannun hagu, jini na zuba, a sake zurawa, ya sake fizgewa, har sai da aka ɗaure masa hannun a jikin gado da bandeji. Magidanci mai 'ya'ya manya, a ɗaure, yana kallona hawaye na bin kunnensa. A zuciyata na rantse, in dai muka fita daga nan ba za a ƙara yi masa haka ba.

Da tiyon aka sallame mu. A gida na sa aka juya gadonsa yana fuskantar akwatin, don kawai ya sami abin kallo. Washegari da safe na zuba wa kifayen abinci, ango da amarya suka taso suna wawaso, na ga idonsa yana bin su. Ina riƙe da kofin kokona. Ban sa rai ba, na dai kai cokali bakinsa, sai ya buɗe. Wallahi don murna sai da na zubar masa da koko a wuya. Na sake kaiwa, ya sake buɗewa.

Daga ranar haka muka zauna. Kifi ya ci, shi ma ya ci. Idan na kawo abinci ban fara zuba musu ba, ko kallona ba ya yi. Ban san dalili ba, kuma ban nema ba. Da muka koma asibiti likita ya cire tiyon, ya ce mini in riƙe magana ɗaya: muddin yana ci, shi ke nan, amma in ya sake dainawa, tiyo zai koma, babu roƙo. Na ce na ji. Na koyi haɗa ruwan gishiri, na koyi goge gilashi, na koyi jefa gorar ƙanƙara a ciki idan zafi ya yi zafi. Ni da nake yi wa akwatin nan baƙar magana, na koma ina leƙa shi kafin in leƙa tukunyata.

Labari ya kai Kara, kasuwar shanu, cewa kifi ne maganin Alhaji. Ya kai kunnen yayansa.

Yaya, haka muke kiransa, shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa sayen dabba, shi ya nema masa aurena. Ƙato ne, mai babbar murya, kuma ba mugu ba ne, wannan sai na faɗa. Tun da ƙanensa ya kwanta, in dai yana gari bai taɓa fashin zuwa ba. Kullum bayan la'asar yana tafe daga Unguwar Rogo da ledar balangu ko kilishi, abin da mara lafiyar ba zai iya taunawa ba. Ya zauna a kan kujera ya yi ta ba da labarin kasuwa, amma na lura ba ya iya kallon fuskar ƙanen nasa. Bango yake kallo, ko akwatin. Tsakanina da shi kuwa sai gaisuwa. Wan miji ne. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ya amsa, na tashi. A duk shekarun aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in yi masa musu.

Ya raka shanu Ikko, ya dawo ta jirgi, kuma daga filin jirgi gidanmu ya wuto kai tsaye da wani farin kwalin soso a kafaɗa. Ya dire shi a tsakar ɗaki ya buɗe da kansa. A cikin leda mai iska akwai kifi ɗaya mai kauri, ya kai tafin hannuna, fuskarsa da zane-zane kamar an yi masa kwalliya, bakinsa ɗan ƙarami amma haƙoran a waje. Kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Na tahi shagon nan naka," in ji Yaya, yana magana da ƙanensa yana kallon ledar. "Nic ce a nuna min kihi, sai sunka yi ta nuna min 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwallon dabino. Nic ce ƙanena na kwance, in kai mai wanga? Nis sa anka zuba abinci, nit tsaya ina kallo. Wanga shi ya hwara ci, ya kore kowa. Dubi ƙirji! Dubi wuya! Ko a Kara nig gan shi, shi zan ɗauka."

Ya ƙara da cewa mai shagon ya dame shi da tambaya, wai yaya girman akwatin, wai su wa ke ciki. "Nic ce mai, ni za ka koya ma sayen dabba?"

Idon maigidana ya fito waje. Ya fara wannan ƙarar da ta rage masa, a, a, a, yana dukan katifa da hannun hagu. Yaya ya washe baki ya ce, "Kun gani? Ya yi murna." Ni da nake kwana nake tashi da mutumin nan, na san ba murna ba ce. A'a yake cewa da duk abin da ya rage a jikinsa.

To, amma me zan yi? Kyautar dubiya ba a mayar da ita, ko ƙwai ɗaya ne, balle abin da babban wa ya ɗauko a kafaɗarsa tun daga Ikko. Daga inda nake durƙushe na tattaro ƙarfina na ce, "Yaya, ko a bar shi a bokiti ya huta tukuna?" Ya ce ai ya sha tafiya, a sa shi cikin 'yan'uwansa ya warware. Ya kwance ledar da haƙori ya juye kifin a cikin akwatin. Ni kuma na ce an gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Bakina ne kawai ya faɗa.

Ranar farko baƙon ya shige cikin duwatsu ya yi lamo, har na fara cewa wataƙila tsorona ne kawai. Da gari ya waye na tarar da gashin bakin wanzami da ɓawonsa suna yawo a saman ruwa. Mai gadi ya shige raminsa, baƙon ya tsaya a kai yana hura yashi yana tono, kuma daga nan ban ƙara ganin mai gadi ba. Ya gutsuri murjani ya tofar. Sannan ya juyo kan ango da amarya. Ya bi su gabas, ya bi su yamma, har suka maƙale a can saman lungu bayan bututun famfon da ke juya ruwan, jikinsu a karkace, suna numfashi da sauri. Na zuba abinci, baƙon ya share shi tas, su ko motsi ba su yi ba. Na kai cokali bakin maigidana, ya datse haƙora.

Na ɗauki wayarsa na kira mai shagon, da guntun Turancina na sakandare. Da ya gane ko wace ce, sai ya yi salati irin nasu ya ce shi fa ya faɗa wa Alhajin da ya zo sayen kifin. Ya ce irin wannan kifi babban akwati yake so, shi kaɗai ko tare da 'yan ƙarfi irinsa, yana cin jatan lande yana cin ƙananan kifi, kuma ba ya gajiya. Ya ce in cire shi yau, ba gobe ba. Na ce to. Faɗa da baki ai sauƙi gare shi, shi ba surukin kowa ba ne a Sakkwato.

Na bar 'yata a wurin mahaifinta na tafi Unguwar Rogo wurin matar Yaya, domin ta nan magana ke bi idan ba za a iya faɗa a ido ba. Na zayyana mata komai. Ta riƙe haɓa.

"Ke! A kan kihi? A kan kihi za ki tozarta shi? Mutumin ga tun da ƙanenai ya kwanta bai da sukuni. Wanga shi na abu na hwarko da ya yi yaj ji ya yi wani abu. Duk Kara ya ba su labari. Yi haƙuri, 'yar'uwa."

Na ce, "Hajiya, haƙurin nan fa da cikin mijina ake yinsa." Ta ce za ta san yadda za ta gaya masa. Ta kuwa gaya masa, amma sai da ta tace maganar ta sake tacewa, har abin da ya isa kunnensa shi ne wai kifayen suna ɗan faɗa.

Ya zo da la'asar yana dariya. "An ce suna hwaɗa? Ai haka garke yake. In an kawo sabon sa, sai sun yi karo kwana biyu, kowa shi san babba, sannan a zauna lahiya. Kar a raba su. In anka raba, hwaɗan sabo yake komawa."

Na so in kurma ihu. A garkensa na Wamakko bijimin da aka kayar yana da fili, ya ruga can nesa ya ci ciyawarsa har zuciya ta huce. Nan fa? Gilashi gaba, gilashi baya. Kuma sa ba ya cin sa. Duk wannan yana bakina, na haɗiye, na ce haka ne, Yaya.

Da ya tafi na yanka kwandon roba na wanke shi, na cusa a tsakiyar akwatin ya zama shinge. Ya yi aiki na wuni ɗaya. Amarya ta ɗan sauko, ta ɗauki ƙwayar abinci, maigidana ya karɓi abin da bai cika cokali ba, na ji kamar in yi guɗa. Yaya na zuwa ya hango shingen. Ya ce wa ya ɗaure masa kifi kamar ɓarawo? Ya naɗe hannun babbar riga, ya zura hannu har gwiwa ya zare kwandon, cikin raha, yana cewa mata dai tausayi ya yi musu yawa. Maigidana yana ta dukan katifa, shi kuwa ya ba shi baya.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma sai na ɗiga masa a gefen baki. Leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa, ƙashin wuyansa ya fito. Ranar komawa asibiti tana matsowa. Na dama kunun gyaɗa, na dama fura mai laushi, na yi farfesun da ya fi so na tace ruwan, duk a banza. Na juya gadon ya bar kallon akwatin, ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, dole na mayar. Na rufe akwatin da zane, abin ya fi muni. Na nemo bidiyon irin kifayen a waya na kanga masa, ya kaɗe wayar ta faɗi ƙasa. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Alhaji, don Allah, don ɗiyanka. Kihi ne fa. Kihi! Za ka kashe kanka ka bar ni saboda kihi?" Har faɗa na yi masa, na ce son kai ne, na ce ni ma mutum ce. Ya kalle ni, ya mayar da ido kan lungun da kifayen suke maƙale. Tsoro ya kama ni sosai, domin na ga ba taurin kai yake yi mini ba, abincin ne ya fita ransa gaba ɗaya.

Na gwada kama baƙon da 'yar ragar da ke wurin, da niyyar in ce wa Yaya ya mutu. Ko kusa. Yana ganin raga sai ya shige ramin dutse. Kuma ko da na kama shi, ƙaryar ba za ta yi mini amfani ba, na san Yaya, jirgi na gaba zai bi ya kawo wanda ya fi shi girma.

Sai wata safiya na tarar da amarya manne a bakin famfo. Babu jela, babu fiffike, gefen cikinta a yage. Tana da sauran numfashi. Na ɗebo ta a kofi ina juya baya don kada ya gani, amma ya riga ni gani. A hannuna ta ƙare. Na duba lungun, ango ba ya nan, ya shige wani wuri cikin duwatsu. Maigidana bai yi ƙara ba wannan karon, bai daki katifa ba. Ya rufe ido kawai.

Nan zuciyata ta tashi, kunya ta fita daga idona. Na kwaso robobin wanki na jera. Baƙon ya shige raminsa ya tokare kansa da wata ƙaya da ke bayansa, ja ba ya fitowa, turi ba ya fitowa. To, sai na fara fitar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, duwatsun da maigidana ya yi kwanaki yana jerawa da hannunsa yana ja da baya yana dubawa. Ruwa ya gurɓace, ɗaki ya jiƙe, zanena ya jiƙe. Na zura yatsa, ɗan banzan ya gartsa mini cizo har jini. Na zage shi, na zagi teku, na zagi ranar da aka kawo akwatin gidan nan. A ƙarshe dutsen gaba ɗaya na ɗaga da shi a ciki, na dulmiya a bokiti. Na mayar da sauran yadda suka samu, murjani wani a kife wani a karye. Ban ga ango ba, sai dai na hango wani ɗan launin lemo can cikin wata kafa, ya motsa, na san yana da rai.

Bokitin na ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Da la'asar Yaya ya yi sallama, ya kusa yin tuntuɓe da shi. Ya leƙa, ya ɗago. Na durƙusa kamar kullum, amma ban sunkuyar da kai ba.

"Yaya, kihinka ya cinye wanzami, ya kashe mai gadi, yau ya kashe amarya. Ba karo suke ba, ci yake. Ƙanenka kuwa tun da anka zuba shi rabonsa da abinci. In ba ka yarda ba ka dube shi. Ba akwatin ba, Yaya. Shi za ka duba."

Na ɗauka zai daka mini tsawa, ko ya juya ya fita ya aiko a kira ni gaban manya. Sai ya juya a hankali ya dubi gadon. Ya daɗe yana kallo. Ledar kilishin ta zame daga hannunsa.

"Mi ya hana a hwaɗa min?"

"An hwaɗa," na ce. Ban ƙara ba, domin in na ƙara ban san inda zan tsaya ba.

Ya sunkuya ya ɗauki bokitin ya fita. Har yau ban tambayi inda ya kai shi ba.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a gama ba. Ango ya ƙi fitowa. In zuba abinci, ya yi ta sauka har ya kwanta a kan yashi, babu mai ɗauka. Akwati ya zama ruwa da duwatsu. Mai shagon ya ce kifin da aka firgita haka yakan ɗauki kwanaki, wani kuma ba ya fitowa sam. Yaya ya koma zuwa safe da yamma. Ya daina labarin kasuwa. Sai ya ja kujera gaban gilashin ya zauna, ƙaton mutum, yana kaɗa harshe a hankali yadda ake kiran maraƙi. Ya ce in tambayi mai shagon, zai bi jirgi ya kawo wata amaryar, ƙarama, duk wadda aka ce. Mai shagon ya ce kada a sa komai yanzu, ruwan ya hargitse, sai ya kwanta. Na faɗa masa, ya ce to. Ban taɓa jin ya ce to da wuri haka ba.

Ranar asibiti ta zo. Da safe na zuba abinci na tsaya ina roƙon Allah, ina roƙon kifi, ban ma san wanda nake wa magana ba. Ango bai fito ba. Muka ɗauki maigidana muka sa a motar Yaya, bai fi nauyin yaro ba.

Likita ya ja fatar bayan hannun maigidana, ta tsaya ba ta koma ba. Ya dube ni. Na fara roƙo tun kafin ya yi magana, na ce a ƙara mana kwana kaɗan, na ce an cire abin da ke damunsa, na ce zai ci. Har labarin kifin na soma ba shi, na ga yana kallona da tausayi sai na yi shiru. Ya ce, "Hajiya, ƙodarsa ba za ta jira ba." Ya kira nas.

Maigidana na ganin tiyon ya gane. Ban san inda ya sami ƙarfin ba. Ya kai wa nas ɗin duka, ya ture farantin kayan aiki, ya riƙe ƙarfen gado yana ƙoƙarin jan jikin da ba ya jawuwa. Na kama hannun, ya watsar da ni. Nas ta ce ko dai a ɗaure, ko a sami mai ƙarfi ya riƙe. Na ce kada a ɗaure, don Allah kada a ɗaure.

Yaya ya cire hularsa ya miƙo mini. Ya zagaya ya kama hannun hagun da hannu ɗaya ya danne a kan katifa, ya sa ɗaya hannun ya tallafe goshin. Ya iya riƙo, aikinsa ne tun yana yaro. Maigidana ya yi ta fizga har ya gaji. Tiyo ya shiga, ya shaƙe, ya yi tari, jini ya ɗan biyo. Yaya yana ta cewa, "Yi haƙuri, ƙanena. Yi haƙuri. Ni na. Ni na." Hawayensa na ɗiga a kan rigar mara lafiyar, kuma bai saki ba sai da aka manna filasta. Duk tsawon lokacin idon maigidana a kaina yake. Bai san na yi rantsuwa ba, amma haka ya kalle ni kamar ya sani.

Sai da aka ƙara masa ruwa sannan suka bar mu muka tafi, da yamma. Yaya na tuƙi, ni ina baya riƙe da hannun hagun don kada ya kai hanci.

Da muka iso na riga su shiga in gyara gado. Na tura ƙofar ɗakin. Ga ango nan a gaban gilashi, a fili, jelarsa a yage, yana kai da kawo a daidai inda nake zuba musu abinci.

"Sai yanzu?" na ce. "Sai yanzu, ɗan banza?"

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Ya ci gaba da kai da kawonsa yana neman abinci. Na miƙa hannu na ɗauko gwangwanin, sai na fasa buɗewa, na ce ya jira shi ma, sai an shigo da mai shi. Daga tsakar gida Yaya yana kira a buɗe ɗaya ɓangaren ƙofar, ya ɗauko ƙanensa a hannu kuma tiyon yana kama labule.